Mama, aiki ya cinye ni har addu'a ta gagare ni

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ina fata kina lafiya ke da iyali da duk abokan aikinki na gidan rediyo, Allah ya ƙara miki ƙarfi da basira. Don Allah Mama kar ki faɗi sunana a shirin, ki ce dai wata 'yarki daga Birnin Kebbi, don matan cocinmu da yawa suna sauraronki kuma da sun ji za su gane ni ce.

Ni ungozoma ce, asalina 'yar ƙasar Zuru, aure da aiki suka kawo ni nan. Maigidana malamin sakandare ne, Allah ya ba mu yara uku, kuma gaskiya ba ni da ƙorafi a kansa, mutum ne mai haƙuri. Damuwata ita ce na gaji Mama, gajiyar da barci ba ya maganinta, kuma zuciyata ta bushe wajen Ubangiji. Lokacin da nake budurwa a gida ina cikin mawaƙa, ina koyar da yara a makarantar Lahadi, ban taɓa fita ba tare da na yi addu'ar safe ba. Yanzu in na buɗe Littafi Mai Tsarki ko aya biyu ba na kaiwa barci ya kwashe ni, in na durƙusa kuma sai in ji ba abin da ke zuwa bakina sai lissafin kuɗin makaranta da wace ce ke dutin gobe.

Kin san yadda aikinmu yake, safe, yamma, dare, haka rosta ke juyawa, ba ruwanta da Lahadi ko Kirsimeti. Ma'aikata sun yi kaɗan, wasu sun yi ritaya wasu sun tafi ƙasar waje ba a maye gurbinsu ba, sai ki ga mu biyu ne a ɗakin haihuwa dare guda ga mata suna naƙuda gado bayan gado. Akwai daren da aka kawo wata yarinya daga ƙauye cikin farko, tana jijjiga, jininta ya hau sosai, NEPA sun ɗauke wuta janareto bai tashi ba tukuna, na saka wayata a baki ina haska hannunta da tocila ina neman jijiya don a yi mata allurar magnisiyam, uwarta na riƙe da ƙafarta tana salati ni kuma a zuciyata ba abin da nake cewa sai Yesu ka taimake ni, Yesu ka taimake ni. Allah ya yi, ta rayu ita da ɗanta. Ranar Lahadi ce gari ya waye, na isa gida ƙafafuna sun kumbura, na ce bari in ɗan kishingiɗa kafin sujada, ban farka ba sai da yara suka dawo daga coci.

To ranar taron zumuntar mata sai uwar zumunta ta tashi gaban kowa, ba ta kama sunana ba amma kowa ya san da ni take, ta ce wasu mata sun zama Marta, hidimar duniya ta ɗauke musu hankali, sun bar rabo mai kyau da Maryamu ta zaɓa, ta karanta Luka 10 daga aya 38. Mama na riƙe hawaye har na zo gida. Matar nan ba muguwa ba ce, ita ta tsaya min lokacin da na haifi ɗan autana, ta yi ta kawo min kunu, shi ya sa maganar ta fi min zafi. Kuma duk fashin da na yi sai na biya tara, ga gudummawar anko, ga ta biki da ta rasuwa, yanzu kuma sun ce ni za su ba sakatariya tunda ni ce mai boko, wai hakan zai jawo ni kusa.

Ga gida kuma. Tun da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Danko-Wasagu ƙanwar maigidana ta dawo wurinmu da 'ya'yanta, sun bar gona sun bar komai, ba zan iya korarsu ba kuma ba na so ma, jininmu ne. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin keke napep kaɗai zuwa aiki da dawowa ya isa mutum kuka, albashi ba ya kai tsakiyar wata. Ina fitar da zakkata, amma ba zan ɓoye miki ba wani watan hannuna na rawa nake sakawa. Kwanan baya kaina ya yi ta sarawa na sa aka auna ni, jinina ya hau, ni da nake wa mata wa'azin hawan jini kullum a wajen awo.

Abu na gaba shi ne karatu. Ina so in ƙaro digiri na aikin jinya, don yanzu in ba ki da shi ƙannenki za su zo su wuce ki a matsayi, kuma ba matsayin kaɗai ba, ina so in san aikina fiye da haka, akwai abubuwan da nake gani a ɗakin haihuwa da na san da na ƙara ilimi da na fi taimakawa. Maigidana ya ce in sayi fom Allah zai buɗe hanya. Da na faɗa wa wata babbar 'yar'uwa a coci sai ta ce ke da ko sujada ba kya samun zuwa, karatu kuma? ta ce me zai amfani mutum in ya sami duniya duka ya rasa ransa. Tun ranar maganar ke cin raina.

Ni dai a nawa ɗan karatun Mama, na ga Shifra da Fuwa a Fitowa sura 1, ungozomomi ne kamar ni, suka ji tsoron Allah suka ƙi kashe jariran Ibraniyawa, kuma a kan aikin nan nasu Allah ya sa musu albarka. Na ga Iliya a 1 Sarakuna 19 da ya gaji har ya roƙi mutuwa, mala'ika bai yi masa faɗa ba, abinci da ruwa ya ba shi ya bar shi ya sake kwanciya. Yesu da kansa a Markus 6:31 ya ce wa almajirai su keɓe su ɗan huta don ko damar cin abinci ba su da ita. Amma a makon mata Karin Magana 31 kawai ake karanta mana, mace tagari mai tashi tun da sauran dare, fitilarta ba ta mutuwa, sai in fito ina jin kamar ni kaɗai ce na kasa. Ban san ko ina zaɓar ayoyin da suka yi min daɗi ba ne don in kare kaina, shi ya sa nake so wani babba ya duba min.

Akwai wata Hajiya da muke aiki tare, Allah ya saka mata, ita ke karɓar min duti ranar Kirsimeti da Ista ni kuma in karɓar mata da Sallah. In lokacin sallarta ya yi kuma wuri ya ɗan lafa sai ta ce riƙe min nan, ta shimfiɗa dardumarta a lungun ofis, 'yan mintoci ta dawo. Abin yana burge ni, ina ta tunanin me zai hana ni ma in sami ɗan lokaci tsayayye haka da Ubangijina ko a wurin aikin ne, amma ban san ta inda zan fara ba tunda zuciyar ta yi sanyi.

Mama don Allah ki gaya min gaskiya ko da ɗaci. Aikin nan da nake yi da dare hidimar Allah ce ko kuwa sai wadda aka yi cikin coci? In ƙi karɓar sakatariyar nan zunubi ne, kuma da wane baki zan gaya wa uwar zumunta ba tare da ta ga na raina ta ba, ko in bi ta wurin matar Fasto? Karatun in sayi fom bana ko in jira yara su ƙara tasawa? Sannan wadda addu'a ta gagare ta, ta ina take sake farawa?

In dutin dare ya hana ni jin shirin na roƙi maigidana ya ɗaukar min a waya. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Wata 'yarki daga Birnin Kebbi