Wasiƙa daga Limerick kan Sarautar Barden Glin

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, na rubuto ne domin in cika alkawarin ba ka labarin gidan sarautar da na gani a ƙauyen Glin, a bakin kogin Shannon, cikin gundumar Limerick ta ƙasar Ayalan.

Gidan na zuriyar FitzGerald ne, waɗanda kakanninsu Normawa, wato mayaƙa masu asali daga Normandy ta Faransa, suka shigo ƙasar a 1169. Rassa uku na zuriyar sun riƙe sarautar barde ta gado: Farin Barde, da Koren Barde na Kerry, da Baƙin Barde na Glin. Ta Glin ta yi shekara kusan 700 tana hannun maza, domin a al'adarta mace ba ta gadonta.

Na daɗe a tsaye gaban kangon tsohuwar ganuwarsu, wadda Sir George Carew, kwamandan Ingila, ya yi wa ƙawanya a 1600. Mutanen wurin suna ba da labari cewa ya kama ƙaramin ɗan Barden, ya ɗaure shi a bakin igwa, ya ce ko a miƙa wuya ko ya harba. Aka mayar masa da amsa cewa uban yana da sauran ƙarfi, uwar kuma ba ta daina haihuwa ba. Ganuwar dai ta faɗi, amma sarautar ta tsira.

Abin da ya taɓa zuciyata shi ne, sarautar da igwa ta kasa kashewa, rashin ɗa namiji ne ya kawo ƙarshenta. Desmond FitzGerald, Barde na 29, masanin tsofaffin gine-gine da kayan ɗakin ƙasarsa, ya rasu a watan Satumba na 2011, ya bar 'ya'ya mata uku, kuma ba a naɗa kowa bayansa ba. A ganina an yi asara, domin 'yarsa Catherine ce, tare da mijinta Dominic West, ɗan wasan fim na Ingila, ta hana gidan sarautar na yanzu, farin gini mai kallon kogin, fita daga hannun zuriyar bayan an sa shi kasuwa a 2015. Ita ke ɗauke da nauyin gadon, amma ba ta da sunan. Koren Barde kaɗai ya rage a yau.

Ka gaida mini Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Amininka