Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Malamai Masu Ritaya: Shekarar Tunawa da Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu maza da mata, ga rahoton ofishin sakatare kan abin da aka yi da sunanku a shekarar da ta ƙare. Kafin komai, Allah ya jiƙan 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya a cikinta, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

A babban taron bara kun amince a keɓe wannan shekara don tunawa da marigayi Malam Aminu Kano, bisa sharaɗin da ɗaya daga cikin dattawanmu ya kafa: a bar wa 'yan siyasa ɓangaren siyasa, mu mu riƙe ɓangaren alli. Kwamiti ya kiyaye wannan sharaɗi. Yaran yanzu sun san sunan Malam a filin jirgin sama da asibitin koyarwa, wasu sun ji labarin jam'iyyunsa na NEPU da PRP, amma kaɗan ne suka san ya yi kusan shekara takwas a aikin malanta kafin ya koma siyasa ɗungurungum.

Mun yi lacca a watan Afrilu, watan da Allah ya karɓi ransa a 1983. Mai jawabi, wanda ɗan ƙungiya ne kuma tsohon malamin tarihi, ya bi sawun Malam tun daga haihuwarsa a Kano a 1920, zuwa Kwalejin Kaduna wadda ita ce Barewa ta yau, zuwa makarantar Midil ta Bauchi inda ya fara koyarwa a 1942. A can ya tarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malanta, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, suka riƙa zaman taɗi da muhawara kan al'amuran jama'a bayan an tashi daga aji. A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa, ya dawo aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948 da hannunsa a ciki, sannan aka tura shi kwalejin horar da malamai ta Maru, wadda yanzu take cikin Jihar Zamfara. Daga can ya ajiye aiki a 1950. Da aka zo batun ƙungiyar malaman nan sai zauren ya ɗauki zafi, don abin da suka yi kuka a kansa a wancan lokaci, wato albashi da darajar malami, shi ne muke kuka a kansa yau da furfurarmu. Sai da Shugaba ya tsawata kafin laccar ta koma taron 'yan fansho.

Bayan lacca da mako biyu mun kai ɗaliban ajinmu na dare ziyara Gidan Mambayya da ke Gwammaja, gidan da Malam ya zauna, wanda yanzu yake hannun Jami'ar Bayero. Abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne sauƙin ɗakinsa. Wani tela cikinsu ya daɗe tsaye yana haɗa baƙaƙen rubutun da ke ƙarƙashin wani hoto, ya ƙi yarda kowa ya karanta masa.

Ajin daren nan shi ne ƙashin bayan aikinmu na bana, kuma a ganin ofishin sakatare shi ne ainihin tunawar, lacca da ziyara rakiya ce. Ba mu muka fara ba. An yi gangamin yaƙi da jahilci a Arewa tun shekarun 1950, kuma gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano a 1980, wasunku ma sun koyar a azuzuwanta. Namu ƙarami ne: ɗaki guda da hedimastan firamaren unguwa ya ara mana, bayan sallar isha'i, dare uku a mako. Masu zuwa akwai masu shayi, da 'yan adaidaita sahu, da leburori, da wani dattijo mai sayar da hatsi da ya ce ya gaji da miƙa wa jikansa waya duk lokacin da alat ya shigo. Wannan kalami nasa ya sa malamai suka sake tsarin darasi. Maimakon a daɗe kan ba-be-bi, yanzu ana kawo rasit na POS, da katin asibiti, da kwalin magani, a kan su ake koyon baƙi da lissafi. Mun kuma lura cewa wanda ya yi makarantar allo ya fi saurin kamawa, domin hannunsa ya riga ya saba da alƙalami, abin da ya rage masa kawai ya juya daga hagu zuwa dama. Saboda haka mun daina kiran kowa jahili a ajin, kuma muna roƙon 'yan uwa su daina a waje.

Matsalar ajin ita ce damina da azumi. Da ruwa ya sauka, masu gona a ƙauye suka watse, wasu ba su dawo ba har yau. Wuta kuwa ba a maganarta. Mun sayi fitilun sola guda biyu, da babu gara ba daɗi, amma na benci na baya har yanzu da tocilan wayarsu suke duba littafi.

Ajin mata yana gudana ranakun Asabar da Lahadi da hantsi a zauren wata malamarmu, wadda ta ba da wurin kyauta har da tabarmi. Malam Aminu ya yi tsayin daka kan ilimin mata tun lokacin da faɗin hakan ke jawo wa mutum baƙin jini, don haka kwamiti bai ga yadda za a tuna da shi a bar mata a baya ba. Su ne ma suka fi maza zuwa a kan kari, ko da goyo a baya. Buƙatarsu ita ce a ƙara musu rana guda, mu kuma malamai mata muke nema.

Game da kuɗi, cikakken lissafin shiga da fita yana hannun ma'aji, an kuma raba kwafi a ƙofa. A taƙaice, mafi yawan abin da ya shigo kuɗin wata-wata ne da gudummawar wasu tsofaffin ɗalibanmu da suka ce kada a ambaci sunansu. Ya tafi a kan fitilu, alli, littattafan rubutu, motar ziyara, da biya wa wasu marayun unguwa kuɗin jarrabawar NECO. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi wa malamanmu na sa-kai nauyi, wasu daga nesa suke zuwa, kuma ba mu iya ba su ko na abin hawa ba. Kwamiti yana ganin wannan bai dace ba.

Abu ɗaya da aka yi alkawari bara bai samu ba, wato ɗaukar muryar dattawanmu da suka ga Malam da idonsu. An fara da mutum biyu, aikin ya tsaya, ɗaya daga cikin waɗanda aka sa a jeri kuma ya rasu kafin a kai gare shi. Allah ya gafarta masa. Ba a buƙatar wata na'ura, waya ta isa, matasa biyu masu haƙurin zama kawai ake nema.

Abubuwan da ke gaban wannan taro su ne ko za a ware wa malaman sa-kai kuɗin mota daga asusu, ko za a buɗe aji na biyu ga waɗanda suka iya haɗa baƙi, da kuma zaɓen sabon ma'aji, tunda mai ci ya nemi a sauwaƙe masa saboda ciwon ido. Waɗanda ake bin su kuɗin wata su ga ma'aji kafin a tashi.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa