Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Mai Karatun Kasuwanci

Assalamu alaikum, 'yata.

Ina fata kin isa makaranta lafiya, kuma karatu ya kankama. Tun ranar da kika tafi nake son rubuta miki wannan wasiƙa, domin maganar da ke raina ba ta waya ba ce, inda kike tare ni da "to Baba" tun ban kai ƙarshen zance ba.

Yayarki ta nuna mini bidiyon da kika ɗora a Instagram, kina riƙe da kwalbar man gashi, kina rantsuwa cewa cikin mako biyu gashi zai tsiro. Na tambaye ta ko kin taɓa shafa man, sai ta sunkuyar da kai. An ce kamasho ake ba ki a kan kowace kwalbar da aka saya ta hannunki. Ban hana ki neman na kanki ba, ni ma ina shekarunki na fara nema, amma tun daren nan barcina bai cika ba.

Takardun darasinki da kika manta a kan tebur na karanta su kaf. A ciki na ga bayanin wani malami ɗan Amurka, Jerome McCarthy, wanda a 1960 ya tattara aikin kai haja ga mai saye cikin abubuwa 4: hajar kanta, farashinta, wurin da za a same ta, sannan talla. Ki lura da jerin nan da kyau, domin talla ce ta zo ƙarshe, ke kuwa da ita kika fara. Kafin a buɗe baki a yabi kaya, sai an san wane ne zai saya, wace damuwa ce ta fito da shi daga gida, kuma ko kayan zai raba shi da ita. Matar da ke neman man gashi ba kwalba take saye ba, kunyar da take ji a gaban madubi take son a cire mata, shi ya sa yi mata ƙarya ya fi muni. Kuma ba kowa ne abokin cinikinki ba. Malamanku suna kiran wannan rarraba kasuwa, mu kuwa mun san shi da sanin naka, domin wanda ya ce kayansa na kowa da kowa ne, yawanci bai zauna da ko mutum ɗaya ya saurare shi ba.

Farashi ma magana yake yi. Idan ya yi ƙasa ƙwarai, mai saye yakan yi zargin akwai aibi, araha ba ta ado. Idan ya haura abin da kayan ke bayarwa, zai saya sau ɗaya ya tafi. Batun wuri ba sai na tsawaita ba, kayan da ba a samunsa lokacin da ake buƙata kamar babu shi ne.

Har manyan kamfanoni sukan yi tuntuɓe wajen sanin masu sayensu. A 1985 kamfanin Coca-Cola ya sauya ɗanɗanon lemonsa bayan ya gwada sabon a bakin mutum kusan 200,000, amma jama'a suka yi ca, kuma bayan kwana 79 dole ya dawo da tsohon. Sun auna harshe, ba su auna shaƙuwar da ke tsakanin mutane da abin da suka saba ba. In masu wannan dukiya sun kasa tilasta wa mai saye, ke da wayarki ɗaya me kike taƙama da shi?

Kin san shekarar da na sayar da fitilun nan masu caji, ko da yake kina ƙarama. Abin da ba ki sani ba shi ne na ga alamar batirinsu ba ya riƙe caji tun kafin in sayar da kwali na biyu, na yi shiru saboda jarina duka yana ciki, ga kuɗin asibitin kakarku. Har gobe ina cewa matsi ne ya sa ni, kuma matsin gaskiya ne. Wani dattijo da ya shekara 11 yana ciniki da ni ya dawo da tasa, ya ajiye ta a gabana a hankali, ya share ƙurar da ke kanta da hannun rigarsa, ya juya ya fita. Bai nemi kuɗinsa ba, bai ɗaga murya ba, kuma ban sake ganin ƙafarsa ba, haka ma duk waɗanda ya taɓa kawo mini.

Wannan nake jiye miki, kuma ya fi faɗuwa jarrabawa tayar mini da hankali. Masu man nan gobe za su sauya suna da kwalba su ci gaba, ke kuwa fuskarki ce a bidiyon, sunan gidanmu ne a ƙarƙashinsa. Ban sayar da motata na biya miki kuɗin makaranta don ki koyi rantsuwa a kan abin da ba ki sani ba! Wane malami ne ya koya miki haka?

Ki yi haƙuri da zafin maganata. Na ga yadda kike bayani a bidiyon, kina da baiwar da ni ban samu ba, mutane suna sauraronki, shi ya sa tsorona ya yi yawa. Ki sauke bidiyon a yau. Idan kamashon ne ke rufa miki asiri, ki gaya mini nawa ne, zan san yadda zan yi a ƙarshen wata. Takardunki suna nan na adana su, na ja layi a wasu wurare da nake son ki yi mini bayani in kin zo hutu. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki kira ta.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.