Koke Kan Gwajin Sankarar Bakin Mahaifa Ga Mata Masu Ɗauke Da Cutar Ƙanjamau

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mazauna Gangare, Unguwar Rogo, Rikkos da Dilimi ne muke kawo kukanmu gare ka.

Ranka ya daɗe, maganin ƙanjamau da ake bayarwa kyauta ya raya mutane da yawa a cikinmu, har sun aurar da 'ya'ya. Amma ga wata cutar tana bin matanmu a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce macen da ke ɗauke da HIV ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da sankarar bakin mahaifa har ninki 6, domin garkuwar jikinta ba ta cika iya kakkaɓe ƙwayar HPV da ke haddasa ta. Shi ya sa hukumar ta ce a fara yi mata gwaji tun tana shekara 25, a riƙa maimaitawa bayan shekara 3 zuwa 5.

Ciwon ba ya nuna alama da wuri. Mace sai ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ko ruwa mai wari, ta yi ta shan jiƙo tana kunyar faɗa, kafin a kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo abu ya yi nisa. Alhali da an duba da wuri, a zama ɗaya ake ƙone wurin da ya fara lalacewa, ta koma gida da ƙafarta.

Roƙonmu shi ne a samar da gwajin a asibitocin sha-ka-tafi na unguwanninmu, a kuma haɗa shi da ranar karɓar magani, don kada kuɗin Keke Napep ya zama biyu. A sa ma'aikata mata, a ɗaki mai sirri. Wadda ke tsoron maƙwabta su san tana ɗauke da HIV ba za ta shiga layi a fili ba, wallahi ko da kyauta ne.

Sai rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023. Yarinya mai HIV allura ɗaya ba ta isar ta, sai biyu ko uku, kuma iyaye da yawa ba su sani ba. Muna roƙon ka tara masu unguwanni, limamai da fastoci, ma'aikatan lafiya su yi musu bayani, su kuma su isar wa magidanta.

Mun shirya kawo wakilanmu ofishinka duk ranar da ka sa mana.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora.

Al'ummar unguwannin Gangare, Unguwar Rogo, Rikkos da Dilimi, Jos