Sarewar ba ta da laifi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta wasiƙar bawan Allahn nan da ya ce makarantun kuɗi su daina tatsar iyaye da sunan darasin kiɗa, wai sarewar robar da ake raba wa yara abin wasa ce. Tatsa kam ana yi. 'Yata tana aji huɗu, duk zango sai na biya kuɗin kiɗa, amma shekara biyu ke nan busarta ba ta wuce kukan 'yan tsaki ba. Da na leƙa ajin, na tarar malamin ma bai san cewa in ana so sauti ya hau sama, ɗan buɗe hujin baya ake yi da babban yatsa ba. To ina laifin sarewa a nan?

Rikoda sunanta, huji bakwai a gaba, ɗaya a baya. A Turai ma an daɗe ana mata kallon kayan yara, kafin wani ɗan ƙasar Holan, Frans Brüggen, ya fitar da ita kunya. An haife shi a Amstadam a 1934. Yana ɗan shekara 21 aka naɗa shi farfesa a kwalejin kiɗa ta birnin Hague, shekarun da a nan wani yake fama da neman gurbin jami'a. Ya kuma ƙware a ɗaya sarewar ta zamanin Barok, wato salon kiɗan Turai na ƙarni na 17 zuwa tsakiyar na 18, ta katako wadda ake riƙewa a kaikaice, mai maɓalli guda tal. Da su ya riƙa busa kiɗan su Telemann da Handel da Bach, mashahuran masu tsara kiɗa na wancan zamanin.

Na kalli tsohon bidiyonsa ya fi a ƙirga. Yana zaune kan kujera, ya harɗe ƙafa, ya duƙufa kamar mai gyaran agogo. Sai ya ɗauko sauti guda siriri, ya kumbura shi a hankali, ya sake lallaɓa shi har ya ɓace. Ni da na tashi ina jin sarewar Fulani makiyaya da yammaci, sai da tsikar jikina ta tashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne koyarwarsa. Ɗalibansa biyu, Kees Boeke da Walter van Hauwe, sun goge har a 1972 ya haɗa ƙungiyar busa da su, su uku, kafaɗa da kafaɗa, daga baya su ma suka yaye nasu. Ya koyar a jami'o'in Harvard da Berkeley a Amurka. A 1981 ya kafa babbar ƙungiyar makaɗa masu amfani da kayan kiɗa irin na ƙarni na 18, yana jagorantarta har ya rasu a 2014.

Saboda haka ban goyi bayan a soke darasin ba. A nemo malamin da ya iya, ko a dawo mana da kuɗinmu. Haka na faɗa wa shugabar makarantar ido da ido, ta ce za a duba. Mako shida ke nan.

Naku,
Wani uba daga Kaduna