Bakteriya na cinye ragowar maganin feshi, amma me suke bari a baya?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan dabarar nan da ake ta yabawa, wato amfani da ƙwayoyin bakteriya masu amfani wajen wargaza ragowar maganin ƙwari da ke maƙalewa a jikin 'ya'yan itatuwa.

Maganar dai ba shaci-faɗi ba ce. Tun a 1973 wasu masana biyu, Sethunathan da Yoshida, suka gano wata bakteriya ta dangin Flavobacterium a gonakin shinkafar ƙasar Filifin, wadda ke rushe magungunan diazinon da parathion. Makaminta wani sinadari ne da ake kira enzayim, wanda ke datse mahaɗin da gubar ta dogara da shi wajen shanye jijiyoyin ƙwaro. Daga baya an samu irin wannan baiwa a wasu nau'o'in bakteriya na dangin Pseudomonas da Bacillus, har hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, ta yi amfani da enzayim irin wannan wajen haɗa Landguard, domin tsabtace ruwan da maganin feshi ya gurɓata. Duk wanda ya taɓa tara tuffa a ƙarƙashin famfo ya ga yadda ruwan ke zamewa a kan ɓawonta mai santsi kamar kakin zuma, ko ya buɗa nonon inabi ya ga lungunan da yatsa ba ya kaiwa, zai gane dalilin da ya sa ake ɗokin samun abin da zai yi wannan wanki tun daga gona.

Inda gizo ke saƙar shi ne, guba idan ta wargaje ba iska take bi ba, rikiɗa take yi ta zama wani abu dabam. Maganin ƙwari na chlorpyrifos, wanda Tarayyar Turai ta haramta a 2020, idan bakteriya suka fasa shi yakan haifar da wani sinadari mai suna TCP, wanda ke daɗewa a ƙasa, yake bin ruwa cikin sauƙi, kuma shi kansa yana daƙushe ƙwayoyin da ake son su ƙarasa aikin. Saboda haka ɗakin gwajin da ya nemi maganin asali kaɗai zai iya cewa ɗan itacen ya tsarkaka, alhali an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Sannan bakteriyar da aka fesa a ɓawo take tsayawa, ga zafin rana ga bushewa, yanayin da ya sha bamban da kwalbar gwaji. Magunguna irin su imidacloprid kuwa cikin ruwan jikin bishiya suke shiga, su kai har tsokar da ake ci, inda feshin waje ba ya isa. Lokacin feshin ma abin lura ne, domin idan aka yi gaggawa, bakteriyar za ta cinye maganin kafin ya kashe ƙwarin. Manoman masara a Amurka sun ɗanɗana haka lokacin da ƙwayoyin cikin ƙasa suka saba da cinye maganin ƙwari na carbofuran har ya daina yi wa manoman aiki.

Babban tsorona, ya Edita, shi ne manomi ya ɗauki wannan dabara a matsayin lasisin ƙara yawan feshi, ko ya yi watsi da kwanakin jira tsakanin feshin ƙarshe da tsinka, waɗanda ke rubuce a jikin kwalbar magani. Don haka nake roƙon wakilanku, duk sa'ad da wani kamfani ya zo tallata irin wannan haɗi, su tambaye shi wane magani takamaimai bakteriyarsa ke rushewa, a gona aka gwada ko a ɗakin gwaji, kuma wa ya auna abin da ya rage a cikin ɗan itacen bayan an gama.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku