Kafin a Nemi Sabon Katin Bashi Mai Garaɓasa, a Fara Duba Lissafin Bara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan katin bashi irin wanda banki ke alkawarin mayar wa mai shi wani kaso na abin da ya kashe, ko kuma ya tara masa maki da zai canza da tikitin jirgi ko kwanan otal. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ƙanena da ya zo mini kwanan baya da takardar tallar wani sabon kati, ya riga ya cike rabin fam ɗin, yana tambayata ko ya ƙarasa. Mun daɗe muna lissafi ni da shi, kuma na lura cewa tambayoyin da suka fi muhimmanci babu ko ɗaya daga cikinsu a fuskar tallar. Ina kyautata zaton masu karatu da dama za su tsinci kansu a inda ya tsaya.

Abin da na fara ce masa shi ne ya tambayi kansa daga ina kuɗin garaɓasar ke fitowa, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk lokacin da aka biya da kati, mai kaya ba ya karɓar kuɗinsa cif. Ana yanke kamasho, kuma kaso mafi tsoka na wannan kamasho yana tafiya ne ga bankin da ya ba da katin. A Amurka, inda irin waɗannan katuna suka fi ko'ina yawa, abin da ake yanka kan kai kashi 2 cikin 100, wani lokaci ma ya zarce. Bayan wannan akwai kuɗin ruwa a kan waɗanda ba su biya bashinsu duka ba, da kuɗin shekara na riƙe katin, da tarar jinkiri. Wanda ke shakkar cewa garaɓasa daga nan take fitowa, ya duba abin da ya faru a ƙasashen da hukuma ta sa hannu. A shekarar 2003 Babban Bankin Ostareliya ya rage kamashon da bankuna ke karɓa, sai garaɓasar katuna ta ragu, kuɗin shekara kuma ya hau. A 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade kamashon katin bashi na ɗaiɗaikun masu saye a kan kashi 0.3 cikin 100, na katin cirar kuɗi kuma kashi 0.2, nan ma bankuna da yawa suka rage abin da suke mayarwa, wasu suka janye shi gaba ɗaya.

Tarihin katin ma yana nuna yadda abubuwan suka biyo juna. Katin Diners Club da aka fara a birnin New York a 1950 ana biyan bashinsa ne duka a ƙarshen wata. A 1958 Bank of America ya fito da BankAmericard, wanda daga baya ya koma Visa, ya ba mutane damar biyan wani abu su bar saura da kuɗin ruwa a kai. Mayar da kaso na kuɗin saye kuwa sai a tsakiyar shekarun 1980 ya bazu, lokacin da katin Discover ya shigo yana neman raba tsofaffin kamfanoni da masu hulɗa da su. Wato bashi mai kuɗin ruwa ya riga garaɓasa zuwa da kusan shekara talatin, ita kuma an kawo ta ne don ta jawo mutane zuwa gare shi.

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin a ganina duk shawarar a wannan lissafi ta rataya. A ce kati yana mayar da kashi 2 cikin 100 na abin da aka kashe, kuɗin ruwansa kuma kashi 24 cikin 100 ne a shekara, wato kashi 2 a kowane wata. Mutum ya yi sayayya ta 1,000, da kowane irin kuɗi yake amfani, sai a rubuta masa garaɓasar 20. Idan ya bar wannan bashi ya yi wata guda yana ɗaukar ruwa, za a ɗora masa kimanin 20, garaɓasar ta tafi ke nan. Idan ya bar shi wata uku, ya biya 60 da ɗoriya domin ya sami 20. Kada a ɗauka na zaɓi adadi mai tsanani ne don in tsorata mutane: alƙaluman Babban Bankin Amurka sun nuna cewa matsakaicin kuɗin ruwan katin bashi a can ya haura kashi 20 cikin 100 a shekarun 2023 da 2024, kuma katuna masu garaɓasa galibi sukan fi sauran tsadar ruwa. Akwai kuma wani sharaɗi da mutane ƙalilan ke karantawa. Kwanakin rangwame da ake ba mai kati tsakanin fitowar takardar bashi da ranar biya, waɗanda ba a lissafa ruwa a cikinsu, a mafi yawan katuna na wanda ya biya bashin watan jiya duka ne kawai. Da zarar an bar ragowa, sabuwar sayayya ma takan fara ɗaukar ruwa tun daga ranar da aka yi ta. Ga wanda imaninsa ya hana shi mu'amala da kuɗin ruwa kuwa, wannan sharaɗi ne da ya kamata ya nemi fahimta a kansa tun kafin ya sa hannu, ko da yana da niyyar biya a kan kari.

Wani bincike da aka wallafa a 2023 cikin jerin takardun nazari na Babban Bankin Amurka ya bi diddigin masu katunan garaɓasa, ya kuma ƙiyasta cewa kimanin dala biliyan 15 ke tashi a kowace shekara daga hannun waɗanda ke barin bashi yana kwana a kansu da waɗanda ba su ƙware da sha'anin ba, zuwa hannun waɗanda suka iya sarrafa katin. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin yana nufin tikitin jirgin da wani ke murnar samu kyauta, wani ne da albashinsa bai kai ƙarshen wata ba ya biya masa wani ɓangare nasa. Saboda haka tambayar da ta fi kowace nauyi ga mai son neman sabon kati ita ce: a watanni goma sha biyun da suka wuce, sau nawa na biya bashina duka a ranar da aka sa? Amsar tana cikin takardun bayanin asusu, kuma ita ya kamata a yarda da ita, domin kowa yakan yi wa kansa kyakkyawan zato game da watan gobe. Wanda ya ga cewa sau biyu ko uku ya biya mafi ƙarancin abin da aka nema kawai, katin da ya dace da shi shi ne mai ƙarancin ruwa, ko da ba ya mayar da komai. Wannan mafi ƙarancin biya yana da haɗarin da ya sa wata doka ta 2009 a Amurka ta tilasta wa bankuna su riƙa rubuta wa mai kati, a kowace takardar wata, tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya fita daga bashin idan shi kaɗai yake biya.

Wanda ya tsallake wannan gwaji, saura kuɗin shekara, kuma a nan ƙanena ya yi kuskuren da na ga mutane masu ilimi suna yi. Ya ce idan kuɗin shekara 100 ne kuma ana mayar da kashi 2, da ya kashe 5,000 ya mayar da kuɗinsa. Lissafin daidai ne ga wanda ba shi da wani kati, amma shi yana da tsohon kati a aljihu wanda ba a biyan kuɗin shekara a kansa, yana kuma mayar da kashi 1. Abin da sabon ya fi tsohon da shi kashi 1 ne kacal, don haka sai ya kashe 10,000 a shekara kafin su yi kunnen doki. Idan abin da yake kashewa 8,000 ne, sabon zai ba shi 160, a cire 100 saura 60, alhali tsohon zai ba shi 80 ba tare da ya cike fam ko ɗaya ba. Haka kuma a lura da kalmar nan ta "har zuwa" da ake sa wa gaban babban adadi a talla, domin sau da yawa kashi 5 ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe na wani rukunin sayayya ne kaɗai, yana da iyaka a wata ko a zango, sauran sayayya kuma kashi 1 ne. Mutumin da ba ya yawan tafiya ba abin da zai ƙaru da shi daga katin da ƙarfinsa ke kan jiragen sama da otal-otal, komai kyan adadin.

Garaɓasar maraba, wadda ake bayarwa sau ɗaya ga sabon shiga, ita ce ta fi ɗaukar ido. A 2016 bankin JPMorgan Chase ya fito da katin Sapphire Reserve da tayin maki 100,000 ga wanda ya kashe dala 4,000 cikin wata uku, a kan kuɗin shekara dala 450. Mutane suka yi ta tururuwa har ƙarfen da ake buga katin da shi ya ƙare na ɗan lokaci. Cikin 'yan watanni aka rage tayin zuwa rabi, a 2020 kuma kuɗin shekara ya koma dala 550. Ban kawo wannan don in ce waɗanda suka shiga da wuri sun yi asara ba, da yawansu sun amfana sosai. Abin lura shi ne maraba ta shekara ɗaya ce, kuɗin shekara kuwa kullum yana nan, saboda haka ya kamata a auna katin da shekararsa ta biyu. Sannan sharaɗin kashe wani adadi cikin wa'adi yana da nasa tarkon. Wanda ya saba kashe 600 a wata, aka ce ya kashe 3,000 cikin wata uku, to sai ya nemo sayayyar 1,200 da ba ta cikin shirinsa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tun ba tare da wa'adi ba ma, kati yana sassauta hannu. Malamai biyu na jami'ar MIT, Drazen Prelec da Duncan Simester, sun wallafa wani gwaji a 2001 inda aka yi gwanjon tikitin wasan ƙwallon kwando, waɗanda aka ce za su biya da kati suka taya kusan ninki biyu na abin da masu biya da tsabar kuɗi suka taya. Idan kati ya sa mutum ya ƙara ko da kashi 3 cikin 100 a kan abin da ya saba kashewa, garaɓasar kashi 2 ba ta rufe gurbin ba.

Game da maki, ina magana ne da abin da ya same ni. Na taɓa shafe fiye da shekara biyu ina tara maki a wani kati da niyyar yin wata tafiya, sai aka sauya jadawalin canji, tikitin da nake hari ya koma buƙatar maki fiye da waɗanda na tara, kuma sharuɗɗan da na sa wa hannu sun ba su ikon yin haka. Daga nan na fahimci cewa maki ba ajiya ba ne, domin wanda ya ƙirƙire su shi ke yanke darajarsu, yana kuma iya sa musu ranar lalacewa ko ya soke su idan aka rufe asusu. Shi ya sa nake fifita katin da ke mayar da kuɗi kai tsaye ga duk wanda ba shi da lokacin bin sauye-sauyen jadawali, kuma wanda ya zaɓi maki ya riƙa kashe su da wuri.

Akwai ƙananan abubuwa da ba zan tsawaita a kansu ba. Cirar tsabar kuɗi da katin bashi yawanci ba ta da garaɓasa, tana da caji na musamman, ruwanta kuma daga ranar yake farawa. Wasu katuna suna ƙara kusan kashi 3 cikin 100 a kan sayayya da kuɗin wata ƙasa. A inda ake ajiye tarihin bashin mutane, kowace nema tana barin alama a fayil ɗin mai nema. A tsarin Amurka alamar kan zauna shekara biyu, ko da yake tasirinta kaɗan ne, amma wanda ke shirin neman babban rance na gida nan kusa gara ya dakata har ya kammala da wancan.

Ba ina cewa katin garaɓasa ba shi da amfani ba ne. Mutumin da ke biyan bashinsa duka kowane wata, wanda sayayyarsa ta yau da kullum ta faɗa cikin rukunin da katin ya fi ba da kaso, kuma lissafinsa na shekara ta biyu ya nuna ragowa bayan an cire kuɗin shekara da abin da tsohon katinsa ke ba shi, wannan ya nema, domin kamashon da aka riga aka cusa cikin farashin kaya yana biyansa ko ya karɓi garaɓasa ko bai karɓa ba. Ƙanena dai da muka baje takardunsa na bara, ya ga wata huɗu da ya bar ragowa, sai ya ajiye fam ɗin, ya ce zai sake dubawa idan ya yi shekara guda cur yana biya duka.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne duk lokacin da jaridar nan za ta ba da labarin wani sabon kati, a sa adadin kuɗin ruwa na shekara da kuɗin riƙe katin da sharaɗin garaɓasar maraba a sakin layi ɗaya da kason da ake mayarwa, da baƙaƙe masu girma ɗaya, a kuma nemi bankin ya faɗi ko yana da ikon sauya darajar maki ba tare da yardar mai kati ba.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku